Daga Dogari Zuwa Ɗan Sanda: Tarihin Wani Tsoro Da Muka Gada

Gabatarwa

A ƙuryar ɗakin kakata akwai wata tsohuwar adaka wadda ba a buɗe ta sai da dalili. Ran da aka buɗe ta a gabana, ina yaro, abin da na gani a ciki shi ne wata jar dara wadda asu ya cinye gefenta, da wani gajeren kulki mai maratayin fata. Da na tambaya sai aka ce mini kayan aikin marigayi kakana ne, wanda ya yi aikin ɗan doka a En'e ta ƙasarmu tun kafin a sami mulkin kai har zuwa lokacin da aka rushe aikin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kakata takan ba da labarin mijinta da alfahari, amma da zarar ta zo kan aikinsa sai ta sassauta murya kamar mai gudun kada maƙwabta su ji. Ita ce kuma, in mun dame ta da ƙiriniya, takan ce za ta kira mana ɗan sanda ya tafi da mu.

Mai karatu ya san ba gidanmu kaɗai ake yi wa yara wannan barazana ba. An rubuta a bangon caji ofis cewa ɗan sanda abokin kowa ne, amma duk da haka in an yi haɗari a hanya sai ka ga mutane suna noƙewa, kowa yana gudun a rubuta sunansa a cikin shaidu. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun wannan tsoro zuwa inda ya faro, in nuna cewa ba halin Bahaushe ba ne ƙin doka, darasi ne tarihi ya koya masa. Sau uku ana sauya wa mai tsaronmu riga da suna da ubangida, amma a dukkan ukun, wanda yake jin tsoron fushinsa yana sama da shi ne, ba talakan da ke gabansa ba.

Dogari

Kafin zuwan Turawa, wanda ya fi kama da ɗan sanda a ƙasar Hausa shi ne dogari. Har yau muna ganinsa ran hawan salla da babbar rigarsa ja da kore da jan rawani, yana kāre sarki in zai hau ko zai sauka. Amma a wancan zamani aikinsa ya wuce ado. Shi ke tsaron fada, shi ke kamo wanda sarki ko alƙali ya ce a kamo, shi ke yi wa mai laifi bulala, shi ke miƙa shi ga Yari ya tsare. Akwai Sarkin Dogarai mai shugabantarsu, akwai kuma Hauni wanda ke zartar da hukuncin kisa.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin dogarai bayin sarki ne ko cucanawa, watau waɗanda aka haifa a cikin bauta a gidan sarauta. Hikimar haka a fili take. Mutumin da ba shi da dangi a cikin gari, ba shi da gonar gado, ci da shansa da suturarsa duk daga hannun sarki suke, ba zai yi nauyin baki ba in an aike shi gidan kowa. Ƙarfinsa aro ne, kuma ya san mai shi.

Ba na cewa zamanin dogarai zamanin zalunci ne tsantsa. Akwai alƙalai, akwai malamai masu faɗa wa sarki gaskiya, talaka kuma yana iya kai kuka fada. Tsaron unguwa ma ba a kan dogari ya rataya ba, a kan mai unguwa da dagaci da jama'ar wuri yake, su ne suka san baƙon da ya sauka da gidan da ya sauka. Amma cin zalin da barorin sarakuna ke yi sananne ne tun da daɗewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara jihadi a 1804, ya lissafa irin waɗannan al'adu a littafinsa Kitabul Farƙi, kamar karɓar gaisuwa kafin a biya wa mutum bukata, da ɗiban kayan 'yan kasuwa, da kama dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki. Karin maganar nan da ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade ta nuna inda talaka yake sauke fushinsa. Ba ya iya zagin mai aike, sai ya zagi ɗan aike. Wannan ne darasi na farko.

Hausawan Glover

Asalin ɗan sanda mai kaki kuwa ba a ƙasar Hausa yake ba, a bakin teku yake, amma abin mamaki da Hausawa aka fara shi. A 1861 Ingilishi suka karɓe Ikko, suka kafa 'yan tsaro mutum 30. A 1863 wani hafsan jiragen ruwa, Kyaftin Glover, ya tara wata ƙungiya mai ɗauke da bindigogi daga cikin masu jin Hausa da ke can, waɗanda yawancinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Irin yadda mutanen wurin suka ɗauke su ya bayyana a laƙabin da aka yi musu, watau ɓarayi arba'in. A 1879 aka faɗaɗa su suka kai mutum 1,200. Daga wannan tushe ne sojan Nijeriya da ɗan sandan Nijeriya duka suke ƙirga asalinsu.

Dabarar Bature ita ce dabarar sarki, sai dai ya faɗaɗa ta. Baƙo ake ɗora wa mutane, wanda ba ya jin harshensu, ba ya jin kunyarsu, ba shi da wanda zai dogara da shi sai Baturen da ke biyansa. Da waɗannan Hausawa Glover ya je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma a ƙasar Gwalkwas, wadda ta zama Ghana, 'yan sandan farko ma da sunan Hausawa aka san su. Laƙabin da mutanen can suka ba su kalmar Hausa ce, buga-buga. Ya kamata mu da muke kukan ɗan sanda mu tuna cewa akwai lokacin da mu ne abin tsoron wasu.

A wajen Arewa kuwa, Kamfanin Neja ya kafa nasa dakaru masu mazauni a Lakwaja, kuma daga cikinsu aka sami waɗanda Gwamna Lugga ya gada da ya kafa mulkin Ingilishi a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900. Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairu 1903, Sakkwato kuma a Maris na wannan shekara. An haɗe Kudu da Arewa a 1914, amma 'yan sandan sassan biyu ba a haɗe su ba sai ranar 1 ga Afrilu 1930, aka yi musu hedkwata a Ikko. Ba a sami ɗan ƙasa ya shugabance su ba sai 1964, lokacin da aka naɗa Louis Edet, sa'an nan Kam Selem, mutumin Barno, ya gaje shi a 1966.

Harshenmu ya ajiye wannan tarihi ko da mu mun manta. Ba mu kira shi mai tsaro ba, da sandar da ke hannunsa muka raɗa masa suna. Kurtu da kofur da saje da sufeto duk daga bakin Bature muka ɗauko su. Har yau kuma babban jami'in da ke riƙe da caji ofis, ko da baƙi ne wuluk ɗan unguwarmu, Baturen 'yan sanda muke ce masa.

Ɗan Doka

Amma a ƙasashen sarakuna, talakan ƙauye bai cika haɗuwa da ɗan sandan Gwamna ba. Shi wannan an fi ganinsa a bariki, da tashoshin jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Kano a 1911, da sabon gari. Turawa sun zaɓi su yi mulki ta hannun sarakuna, saboda haka suka bar musu dogaransu, suka sa ana biyansu albashi daga baitulmali. Daga tsakiyar shekarun 1920 aka fara gyara, aka fitar da 'yan gadi a birnin Kano, sa'an nan aka sami 'yan doka masu kaki da fareti a manyan En'e-En'e. Don a ɗaukaka aikin a idon jama'a, a raba shi da sunan bauta, sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarakuna a kansa. A Katsina, Usman Nagogo ya shugabanci 'yan doka daga 1929 kafin ya zama sarki a 1944. A Kano, Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962 kafin ya zama sarki a 1963.

Dattawa da yawa suna yabon zamanin 'yan doka, kuma ba banza ba. Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san kowane lungu, ya san ɓarayin kasuwa da sunayensu da iyayensu, ya san mahaucin da ake kai wa akuyar sata. In an yi sata, shi da mai unguwa sukan san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ba ya ɗauke da bindiga, ba ya bukatar tafinta, kuma in ya ci mutuncin dattijo da rana, da dare zai haɗu da 'ya'yansa a masallaci.

Sai dai kuma a ranar haraji da jangali ne talaka ya fi sanin ɗan doka. Shi ke raka masu ƙirgar shanu, shi ke tisa ƙeyar wanda ya kasa biya, a shanya shi a rana a ƙofar hakimi. Kakata ta ce in mai gida ya gudu, sai a riƙe ɗansa ko ƙanensa har ya dawo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos, da yawa kuma sanyi da cuta suka kashe su a can. Bature ne ya ba da umarni daga Kaduna, amma fuskar da mutanen ƙauye suka gani ta dagaci ce da ɗan doka. Sanin nan da ya yi wa gari, wanda ke taimakonsa kama ɓarawo, shi ne kuma ya sa ba wanda ke iya ɓoye masa.

Zamanin Siyasa

Da siyasar jam'iyyu ta shigo, abin ya ƙara muni. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, tana neman a 'yantar da talaka daga mulkin En'e. Ita kuwa NPC da sarakuna da ma'aikatan En'e ta dogara. Sai ya zama ɗan doka da alƙali da gidan yari duk suna hannun ɓangare guda. Ba a yin lacca sai da izinin En'e. In an hana izini aka yi taro, laifi ne. In an ba da izini aka faɗi maganar da ba ta yi wa manya daɗi ba, an ci mutuncin sarauta. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sau 16 ana ɗaure ta. Ba a Arewa kaɗai aka yi haka ba, a Jihar Yamma ma an yi amfani da 'yan sandan ƙananan hukumomi a kan 'yan hamayya. Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958, ta lura da wannan haɗari, ta ba da shawara ikon 'yan sanda ya tsaya a hannun tarayya.

A nan ne tarihin ƙasa ya shigo cikin gidanmu. Kakata tana da ƙane, tela ne a bakin kasuwa, ɗan NEPU na gani-kashe-ni. Wata rana suka yi lacca ba izini, aka ba da sunayen waɗanda za a kamo, kakana kuwa yana cikin waɗanda aka aika, don shi ya san gidan. Ya je ya yi sallama, surukarsa ta fito, ya durƙusa ya gaishe ta, sa'an nan ya sa wa ɗanta ankwa a gabanta. Alƙali ya yanke wata uku, aka aske masa kai, aka sa shi ɗiban bahaya tare da sauran fursunoni.

Na tambayi kakata, "Inna, ke me kika ce masa?"

Ta ce, "Me zan ce, ɗan nan? Da ya dawo na ajiye masa tuwo na juya masa baya. Ya daɗe zaune bai sa hannu ba. Can sai ya ce, ni ɗan aike ne, in ban je ba wani za a aika, shi kuwa da duka zai kawo shi."

Ta ce duk wata ukun nan, kullum da dare kakana yakan ɗauki kwanon tuwo ya kai gidan yari, ya roƙi gandiroba ya miƙa. Ƙanenta yana ci, amma bayan ya fito shekara bakwai bai taka gidanmu ba. Na daɗe ina juya wannan labari a zuciyata. Kakana ba mugu ba ne, kuma surukinsa bai yi ƙarya ba da ya kira shi karen En'e. Tsarin da ya sa mutumin kirki ya zaɓa tsakanin abincin 'ya'yansa da zumuncinsa, shi ne abin tuhuma.

Ɗan Sandan Tarayya

Da soja suka karɓi mulki a Janairu 1966, aka sa 'yan doka ƙarƙashin umarnin Sufeto Janar na tarayya. Gwamnatin soja ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir don ya duba makomar 'yan doka da gidajen yarin En'e, kwamitin ya ba da shawara a haɗe su da na tarayya. Bayan an ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, aka fara aikin haɗewar, zuwa farkon shekarun 1970 ɗan doka ya zama tarihi. Waɗanda suka cancanta aka ba su sabon kaki, sauran aka sallame su. Kakana ba shi da ilmin boko, saboda haka ya ninke dararsa ya sa a adaka, ya koma gadin wani sito na gyaɗa. Tsarin mulkin 1979 ya haramta kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, na 1999 kuma ya maimaita haka a sashe na 214.

'Yan hamayya sun yi murna, suna ganin an kashe maciji. Amma an magance ciwo guda ne aka buɗe wani. Sabon ɗan sanda ba ya jin tsoron hakimi, gaskiya ne, amma kuma ba ya jin kunyar kowa a gari. Ana iya ɗauko shi daga ko'ina a kai shi ko'ina, bai san harshen wurin ba, gobe a ɗauke shi. Yana da bindiga. Ubangidansa yana Ikko, daga baya Abuja, inda kukan ƙauye ba ya kaiwa. Watau an koma dabarar Glover ke nan.

Mu ɗalibai muna da namu kason a wannan babi. Ranar 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Badun lokacin wata zanga-zanga. A watan Mayu 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka yi harbi, hukuma ta ce mutum 4 suka mutu, jami'o'in ƙasar nan suka ɗauki wuta. Manoma kuwa nasu ya fi namu zafi. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka tashi mutane daga gonakinsu, suka yi ta neman diyya har suka tare hanyoyin wurin aikin. A watan Afrilu 1980, a zamanin mulkin farar hula, aka tura musu 'yan kwantar da tarzoma. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai aka kashe, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A Yuli 2009 kuma aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar da aka sani da Boko Haram, yana hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kowa kuma ya san abin da ya biyo baya.

Amma ba waɗannan manyan abubuwa ne suka fi gina ra'ayin jama'a ba. Ƙananan abubuwa ne na kullum: hannun da ake miƙa wa direba a shinge, da belin da aka rubuta kyauta ne amma sai an sayar da tunkiya, da mai kai ƙara da za a ce ya sayi takarda da biro da man mota. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ɗaya Gefen

Zai zama rashin adalci in na tsaya nan. Ɗan sanda ba daga sama ya faɗo ba, ɗan talaka ne, yawanci wanda ya nemi wani aiki bai samu ba. Duk wanda ya taɓa shiga barikin 'yan sanda ya ga ɗakunan da iyalansu ke cunkushe a ciki ba zai yi mamakin fushin da wasunsu ke fitowa da shi titi ba. A shekarun mulkin soja an yi watsi da su ƙwarai, har a Fabrairu 2002 ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe, abin da ba a taɓa gani ba.

Kuma in masifa ta zo, su ne a gaba. A rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a Kano, 'yan sanda ne suka fara fuskantar mabiyansa, aka kashe wasunsu, kafin a kira soja. Hukumar binciken da aka kafa ta ce mutum 4,177 suka mutu a wannan fitina. Ranar 16 ga Yuni 2011 aka kai harin bam hedkwatarsu a Abuja. Ranar 20 ga Janairu 2012 aka auka wa ofisoshinsu a Kano, mutane fiye da 180 suka rasu, 'yan sanda da farar hula. Waɗannan mamata suna da mata da 'ya'ya, kuma ba mu cika tuna sunayensu ba.

Mu kanmu muna da laifi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke kai wa ɗan sanda kuɗi don a kulle wanda yake bi bashi? Wa ke cewa abokin faɗansa, sai na sa an ɗaure ka? Wa ke bugun ƙirji cewa yana da wa a hedkwata? Muna ƙin ɗan sanda in an aiko mana shi, muna son sa in mu ne muka aike shi. Ashe mu ma mun koyi darasin da kyau: ba mu ɗauke shi ma'aikacin doka ba, mun ɗauke shi sanda, kowa na neman ta kasance a hannunsa.

Wannan ya fito fili a watan Oktoba 2020, lokacin da matasa, galibi a Kudu, suka fito suna neman a rushe sashen yaƙi da 'yan fashi da ake kira SARS, aka kuma sanar da rushe shi ranar 11 ga watan. Gwamnonin Arewa suka ce su gyara suke so, ba rushewa ba. A ƙauyukan Zamfara da Katsina kuwa, inda 'yan bindiga suka hana noma, kukan mutane ba yawan 'yan sanda ba ne, rashinsu ne. Mutum ɗaya yana tsoron zuwan ɗan sanda, yana kuma addu'ar ya zo. Inda bai zo ba, 'yan banga da 'yan sa-kai suka cike gurbi, su ma kuwa an ga abin da ƙarfi ba linzami ke haifarwa a hannunsu.

Kammalawa

A 2024 maganar ba kowace jiha 'yan sandanta ta sake tasowa da ƙarfi. Masu goyon baya suna tuna ɗan doka wanda ya san kowane lungu. Masu suka suna tuna ɗan doka wanda ya kama 'yan NEPU. Dukkansu gaskiya suka faɗa, don mutum ɗaya suke tunawa, kuma dararsa tana cikin adakar kakata. Na kusa ya san ka, zai iya tsare ka, zai kuma iya cutar ka da sanin nan. Na nesa bai san ka ba, ba ruwansa da gabar garinku, amma kuma ba ya jin kunyarka. Saboda haka a ganina tambayar ba ta kusa ko nesa ba ce. Tambayar ita ce, in ya zalunci talaka, gaban wa za a kai shi, kuma shin wannan wurin yana ƙarƙashin wanda ya aike shi ne?

Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa da ake nema, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Da kakata ta ji wannan, cewa ta yi, ashe sai yanzu aka hana. Amma doka a takarda ba ta hana komai sai in mutane sun san ta, sun kuma ga an hukunta wanda ya karya ta. A nan ne nake ganin aikinmu yake, mu da Allah ya ba damar karatu. Mu fassara wa iyayenmu waɗannan dokoki da harshen da suke ji, mu raka maƙwabcinmu caji ofis in an kira shi, mu daina aiken ɗan sanda a kan junanmu, mu kuma yi magana a kan albashinsa da mazauninsa kamar yadda muke yi a kan laifinsa.

Kakana da surukinsa sun shirya a ƙarshe, ran sunan mahaifina, bayan dattawa sun sa baki. Kakata ta ce sun zauna a tabarma ɗaya, suka ci daga kwano ɗaya, ba wanda ya ta da tsohon zance. Da kakana ya rasu, telan nan ne ya ɗinka masa likkafani, ya ƙi karɓar ko kwabo. Su sun yafe wa juna. Abin da ya rage mana shi ne mu gyara tsarin da ya shiga tsakaninsu, don kada jikokinmu su riƙa tsorata 'ya'yansu da sunan wanda aka ɗauka don ya tsare su. Allah ya sa mu dace, amin.